Yadda za ku kai iyali fadar Sarkin Kambodiya da Haikalin Azurfa a Phnom Penh

Ranar farko da muka nufi fadar, sha ɗaya saura kwata muka sauka daga adaidaita sahu, ni da maiɗakina da yaranmu uku. Gajiyar jirgi ta sa mun makara, muka karya a tsanake, sannan aka ɓata rabin awa ana neman takalmin auta ƙafa ɗaya. Mai tsaron ƙofa ya dubi agogonsa, ya ɗaga mana yatsu biyu, wato mu dawo ƙarfe biyu. Rana kuwa ta fara ƙwallewa. Haka muka juya, auta tana kuka, babban yana cewa, "Baba, ai da ma Umma ta ce a yi sammako." Washegari bakwai da rabi muna bakin ƙofa, kuma wannan ziyarar ta biyu ita ce na gina jagorar nan a kanta.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne wurin nan fada ce mai rai. Sarki Norodom Sihamoni, wanda ya hau karaga a watan Oktoban 2004, a ciki yake zaune, a ciki ake karɓar jakadu, a ciki ake bukukuwan sarauta. Rabon baƙo wani yanki ne kawai. Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwa gidan sarki a Kano ko Katsina ko Damagaram ya riga ya san rabin ladabin wurin: a suturta jiki, a tuɓe takalmi inda aka ce a tuɓe, a sassauta murya, kada a kutsa inda ba a ce a shiga ba. Sauran rabin shi ne zan jero.

Mataki na farko: takardu, tun kuna gida

Kowa da fasfonsa har jariri, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Bizar yawon buɗe ido ta kwana 30 ce. 'Yan ƙasashe da yawa suna samunta ta intanet ko a filin jirgi, amma masu fasfon Najeriya da Sudan sun daɗe cikin waɗanda ake ƙara wa sharuɗɗa, don haka a kammala maganar biza kafin a biya kuɗin jirgi, a kuma riƙe tikitin dawowa da takardar otal a hannu, bugaggu a takarda. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, ya zama yana cikin fasfon kowa, domin ana nemansa daga masu fitowa daga ƙasashen da cutar take. Akwai kuma katin isowa da ake cikewa ta intanet cikin kwana bakwai kafin sauka.

Babu jirgi kai tsaye daga Kano ko Abuja ko Yamai. Sai an sauya a Doha ko Dubai, ko a bi ta Addis Ababa zuwa Bangkok sannan a ƙarasa. Tun watan Satumban 2025 jirage suna sauka a sabon filin jirgin Techo da ke kudancin birnin, ya fi tsohon nisa, a saka wannan cikin lissafi. Agogonsu ya riga namu da awa shida. Wannan tazarar ita ce ta kwantar da mu har muka makara, saboda haka kada ku sa fada a washegarin isowa. A bar yara su huta yini guda tukuna.

Mataki na biyu: zaɓen wata, da rana, da awa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin rani mai ɗan sauƙin zafi, shi ya fi dacewa da yara da tsofaffi. Maris zuwa Mayu zafi ne, Afrilu ya fi kowane. Kada mutum ya ce ai ni ɗan Sakkwato ne, zafi ba ya ba ni tsoro. Namu busasshe ne, nasu mai gumi ne, riga takan jiƙe tun ba a yi taku ɗari ba. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, ruwan kuma yawanci da la'asar yake saukowa, wanda ya ƙara zama dalilin zuwa da safe.

Ana buɗe fadar sau biyu a yini: daga wajen takwas zuwa sha ɗaya na safe, sai kuma daga biyu zuwa biyar na yamma. Ku ɗauki na safe, ku kasance cikin sahun farko. Kafin tara da rabi manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun fara sauke mutane, farfajiyar kuma ba ta da inuwa sosai. Iyali mai ƙananan yara yana buƙatar awa biyu ba tare da gaggawa ba.

Akan rufe fadar, ko wani sashe nata, idan akwai bikin sarauta ko babban baƙo. A tambayi ma'aikacin otal da daddare ya bincika. Ranakun da ya kamata a lura da su: sabuwar shekararsu a tsakiyar Afrilu, bikin tunawa da magabata da ake kira Pchum Ben a Satumba ko Oktoba, ranar samun 'yancin kai 9 ga Nuwamba, da bikin ruwa wanda yawanci yake faɗowa a Nuwamba. A wannan na ƙarshen ana tseren dogayen kwale-kwale a kogin da ke gaban fadar, abin kallo ne na gaske, amma cunkoson ba na shiga da yaro ɗan shekara huɗu ba ne.

Mataki na uku: sutura

Nan ne baƙi da yawa suke shan kunya, mu kuwa nan ne muka fi kowa sauƙi. Ƙa'idar ita ce a rufe kafaɗa, a rufe gwiwa. Mai rigar shan iska da ta yafa gyale a kai ba a yarda da ita, sai ta sayi riga mai hannu a bakin ƙofa. Mun ga wani dogon bature yana ƙoƙarin cusa kansa cikin farar rigar da ba ta kai masa cibiya ba, yara suka yi ta danne dariya. Kaftani da wando, doguwar riga da mayafi, atamfa riga da zane, duk sun wuce ba tambaya. Hijabi ma ba baƙon abu ba ne a birnin, domin matan ƙabilar Cham, Musulmin ƙasar, da shi suke yawo.

Sai dai a zaɓi yadi mara nauyi. Shadda mai sitaci da leshi mai duwatsu a bar su a akwati. Auduga mai haske ita ce magani. Yara maza kada a saka musu gajeren wando, ko da kuwa za a ɗaga musu ƙafa, gara a huta da gardama.

Takalmi ya zama mai sauƙin tuɓewa, kuma kowa da safa. Wannan shawarar da ƙafata na saye ta: tsakanin inda ake ajiye takalma da ƙofar haikali akwai 'yan matakai da rana take gasawa. Maza su sani cewa a cikin ɗakin bauta ana cire hula. Ga Bahaushe wannan juyin al'ada ne, mu a wurinmu cire hula gaban manya rashin kunya ne, su a wurinsu barinta a ka shi ne rashin kunyar. Na naɗe tawa na saka a aljihu.

A jaka: ruwan gora ga kowa, laima ƙarama, mahuci, man korar sauro saboda sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, da ɗan biskit. Keken tura jariri zai yi aiki a farfajiya amma matakala sun yi yawa. Goyo da zane ya fi shi nesa ba kusa ba.

Mataki na huɗu: a zauna da yara kafin a fita

Kada a tsallake wannan. Za su ga gumaka da yawa, za su ga mutane suna durƙusawa suna kunna turare suna ajiye furanni, kuma yaro ba ya riƙe tambaya a ciki. Gara ya yi ta a ɗakin otal da ya yi ta da ƙarfi a tsakiyar masu ibada.

Abin da muka gaya wa namu gajere ne. Mutanen ƙasar nan, fiye da kashi 90 cikin 100, mabiya addinin Buddha ne, tafarkin da ake kira Theravada, kuma shi ne addinin gwamnati. Mu baƙi ne, mun zo ganin gini da tarihi da aikin hannu. Ba za mu rusuna wa komai ba, ba za mu kunna turare ba, kuma babu wanda zai ce mu yi. Haka nan ba za mu yi dariya ko nuni da yatsa ko tsaki ba. 'Yar tsakiyar ta ce, "Umma, to in wani ya miƙo mini fure fa?" Uwarta ta ce ta yi murmushi ta girgiza kai. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ɗakin bautar ba, ya zauna a rumfar da ta kewaye shi, akwai inuwa da abin kallo da zai ishe shi. Wannan shawara ce da kowane magidanci zai yanke wa gidansa.

Sai ladubbansu guda huɗu. Ba a miƙe ƙafa a nuna tafinta ga mutum-mutumin Buddha ko ga mutum, in za a zauna a ƙasa a lanƙwashe ƙafafu gefe. Ba a shafa kan mutum, ko da yaro ne. Mace ba ta taɓa malamin Buddha, waɗannan masu askakken kai da tufafi ruwan lemo, kuma ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Na huɗun na manya ne: ba a wasa da sunan sarki. Tun 2018 akwai dokar da ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar ga wanda ya ci mutuncinsa, kuma rubutu a Facebook yana ciki.

Kalmomi biyu sun isa a koya musu. "Chum riap sua" ita ce gaisuwar girmamawa, "okun" kuma na gode. Auta ta riƙe ta biyun, ta yi ta rabawa har ga tantabaru.

Mataki na biyar: hanya, kuɗi, da bakin ƙofa

Fadar tana kan titin Sothearos, tana fuskantar gabas, wato kogi. Wanda ya sauka a otal ɗin bakin kogi zai iya takawa. In da nisa, a kira adaidaita ta manhajar Grab ko PassApp, kuɗin yana fitowa a waya, babu ciniki. Akwai ƙananan irin namu, akwai kuma manya da babur yake ja, masu kujeru biyu suna fuskantar juna, waɗannan su ne na iyali. Yara a tsakiya, jaka a cinya ta ɓangaren ciki, waya kada a riƙe ta a bakin hanya, domin masu fizge a kan babur suna nan.

In wani ya tare ku kusa da bango ya ce yau fada a rufe take, amma zai zaga da ku wasu wurare da araha, ku gode masa ku ƙarasa bakin ƙofa ku gani da idonku.

Kuɗi iri biyu suke yawo tare, dalar Amurka da riyel ɗinsu, kuma a kasuwa ana lissafin riyel 4,000 a dala ɗaya ko sama kaɗan. Kuɗin shiga da aka daɗe ana karɓa dala 10 ne ga baƙo. A zo da ƙananan takardu masu tsabta, domin dalar da ta yage ko ta sha tawada ana iya ƙin karɓarta. Canjin da bai kai dala ba da riyel za a ba ku.

Bayan tikiti za ku ga masu rakiya da katin shaida a wuya, masu jin Turanci ko Faransanci. Ku ɗauki ɗaya, a yi ciniki kafin a fara, yawanci kusan kuɗin tikiti guda ne ga ayari duka. Allunan bayani a ciki ba su da yawa, in ba mai rakiya za ku fito kuna cewa "gine-gine masu kyau" kawai. A shigar da yara bayan gida tun a nan.

Mataki na shida: farfajiyar fada

Sarki Norodom, ɗaya daga cikin kakannin sarki na yanzu, shi ne ya fara gina fadar a 1866, bayan ya taso da babban birni daga Udong, shekara uku da shigar ƙasar ƙarƙashin kariyar Faransa. Yawancin abin da ake gani yau an sake gina shi ne a farkon ƙarni na 20. An zaɓi wurin saboda yana kallon mahaɗar ruwa inda Mekong da Tonle Sap da Bassac suke gamuwa. Launi biyu za ku yi ta gani, ruwan ɗorawa da fari. Mai rakiyarmu ya ce na farko na addinin Buddha ne, na biyu na addinin Hindu da sarakunan dā suka bi, wanda har yau burbushinsa yana cikin al'adun fada.

A fara da zauren karaga, shi ne mafi girma. An buɗe shi a 1919 zamanin Sarki Sisowath, hasumiyarsa ta kai mita 59, da fuskoki huɗu a can sama suna kallon kusurwa huɗu. A hannun matakalar akwai macizai masu kawuna da yawa, naga ake ce musu, a ƙarƙashin rufin kuma siffofin rabi mutum rabi tsuntsu sun ɗaga hannu kamar su suke tallafe da shi. A ba yara aikin ƙirga kawunan macijin, zai riƙe su minti biyar. Ba a shiga ciki, daga ƙofa da tagogi ake leƙawa, kuma ba a ɗaukar hoton cikin. A ɗaga ƙanana su hango karagar a can ƙurya, da farar laima mai hawa tara a samanta. Babban ɗana da ya gan ta ya ce, "Ashe su ma da laima ake gane sarki." Akwai wata kamar kuma: sarautar ba gadon kai tsaye ba ce daga uba zuwa ɗa, majalisar mutum tara ce take zaɓen sarki daga cikin zuriyar gidan sarauta, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san masu zaɓen sarki ba.

Daga saman matakalar a dubi gabas. Rumfar da ke kan bango, mara garu a gefe, ita ce Chan Chaya, rumfar hasken wata, inda ake rawar gargajiya ta fada kuma sarki yake tsayawa kallon jama'a ranar biki. Can baya ta arewa maso yamma akwai Khemarin, gidan da sarki yake kwana. Ba a zuwa wurin. In shuɗiyar tutar sarki tana sama, yana gida.

Sauran a wuce su da sauri. Akwai ƙaramin ginin da sarakuna suke hawa giwa daga barandarsa. Akwai ɗakin kayan sarauta, inda mata za su tsaya a gaban kayan fada kala bakwai, kowace rana ta mako da launinta. Sai wani gini na ƙarfe, mai kama da an tsinto shi daga Paris an ajiye, ana kiransa da sunan Napoleon na Uku na Faransa, an kafa shi wajen 1876. Ni dai bai burge ni ba, ya yi kama da baƙon da ya zo biki da kayan da ba na bikin ba. Kafin a bar farfajiyar a nemi bishiyar da furanninta ja-ja suke fitowa daga jikin kututture, 'ya'yanta kuma ƙwallaye ne manya masu tauri. Akwai inuwa a wurin, a sha ruwa.

Mataki na bakwai: Haikalin Azurfa

Ta wata ƙofa a kudu ake shiga harabarsa. Sunansa a harshen ƙasar Wat Preah Keo Morakot, wato haikalin Buddha na zumurrudu. Norodom ya gina shi da katako daga 1892, aka rushe aka sake shi da kankare a 1962 zamanin Norodom Sihanouk, mahaifin sarki na yanzu. Ya bambanta da sauran wuraren bautar ƙasar ta fuska ɗaya: malamai ba sa zama a cikinsa, na sarki ne, gayyato su ake yi idan akwai hidima.

Shawarata, kada a ruga ciki. A fara da rumfar da ta kewaye harabar, wadda aka zane bangonta tsawon sama da mita 600 a 1903 zuwa 1904. Labarin Reamker ne, wato yadda Khmer, mutanen ƙasar, suke ba da labarin Ramayana na Indiya. Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya zai gane Ram da Sita, a nan Preah Ream da Neang Seda. An sace matar, mijin ya tara rundunar birai ƙarƙashin Hanuman, suka cike teku da duwatsu suka haye tsibirin sarkin ƙattai mai kawuna goma. Daga ƙofar gabas ake farawa a bi ta kudu. Ƙasan zanen damshi ya cinye shi, wani wurin sai inuwar launi kawai, amma sama yana nan: birai suna dambe, kifaye suna kwashe duwatsu, fadoji masu irin rufin da ke bayanka. Yaranmu sun fi daɗewa a nan fiye da ko'ina, suna rigimar wane biri ne Hanuman. Farin ne.

Sannan a nufi haikalin. A tuɓe takalma a ajiye a ma'ajiyarsu, a cire hula, a mayar da waya aljihu domin hoto haramun ne a ciki kuma masu tsaro suna lura. Matakalar marmara ce daga Italiya.

A shirya yara kan abu ɗaya, in ba haka ba za su ce an yaudare su. Daɓen ɗakin tayil ne na azurfa fiye da 5,000, kowane ya haura kilo ɗaya, amma kusan duka an lulluɓe shi da kafet don kada ƙafa ta cinye shi. Wani ɗan yanki kusa da ƙofa aka bari a buɗe, an kewaye da igiya. Ku tsaya a nan ku duba da kyau. Ba ƙyalli yake kamar sabon kwano ba, ya dushe, da zanen furanni a jikinsa, wasu gaɓoɓin an manne su da salatif. In aka taka kafet ɗin a hankali akan ji tayil yana ɗan motsi a ƙasa. Auta ta tsuguna tana ƙoƙarin ɗaga bakin kafet, mai tsaro ya girgiza mata yatsa yana murmushi.

A tsakiyar ɗakin, can sama a kan dakali mai hawa-hawa da aka shafe da ruwan zinare, akwai ƙaramin mutum-mutumi kore, shi ne wurin ya ci sunansa. A gabansa kuma wani a tsaye, tsawon mutum, na zinare mai nauyin kilo 90, an yi shi a farkon shekarun 1900, an jera masa daimon sama da 2,000, mafi girmansu a kan kambi. Gefe da gefe akwatunan gilashi ne cike da kyaututtukan da aka kawo wa sarakuna: ƙananan siffofi na zinare da azurfa, kwanoni, fuskokin rawa. Za ku tarar da 'yan ƙasa a zaune a ƙasa sun haɗa tafin hannu. A bi ta bayansu, kada a gitta tsakaninsu da abin da suke fuskanta, kamar yadda ba ma son a gitta gaban mai salla.

Manyan yara za su iya ɗaukar wannan bayanin: daga Afrilun 1975 zuwa Janairun 1979, lokacin mulkin Khmer Rouge, an kwashe mutanen birnin nan kaf an kora su ƙauye, an rusa wuraren bauta da masallatai da coci-coci, Sihanouk kansa an tsare shi a cikin fadar. Wannan haikalin an bar shi tsaye don a riƙa nuna wa baƙin waje, duk da haka kaya da yawa sun salwanta. Mai rakiyarmu, dattijo ne, da ya zo nan a bayaninsa sai ya taƙaita, mu ma ba mu ja shi ba.

A waje akwai dogayen hubbarori masu tsini, farare da sassaƙa, inda ake ajiye tokar sarakuna, domin su ƙona gawa suke yi. Akwai na Ang Duong, da na Norodom, da na Suramarit da matarsa Kossamak. Wanda ya fi taɓa maiɗakina shi ne na Kantha Bopha, 'yar Sihanouk da ta rasu tana shekara huɗu a 1952. Uban ya rasu a 2012, kuma a 2014 aka kai tokarsa cikin hubbaren 'yar. Akwai kuma Norodom a kan doki, da ƙaramin samfurin Angkor Wat, shahararren tsohon haikalin ƙasar, a bayan Haikalin Azurfa, da kifaye a ruwan da ya kewaye shi. In ba za ku samu zuwa Siem Reap, inda ainihin Angkor Wat yake, ba, a nuna wa yara wannan, a ce musu shi ne ginin da ke jikin tutar ƙasar.

Mataki na takwas: fita, salla, da abinci

Ƙofar fita daban take da ta shiga, tana can kudu, bayan an ratsa ɗakunan da aka ajiye sirdin giwaye da kujerun ɗaukar sarki. In kun ce wa direba ya jira, ku faɗa masa a ƙofar fita.

Azahar tana shiga wajen sha biyu. Babban masallacin birnin shi ne Al-Serkal, a unguwar Boeung Kak, wanda wani gida daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya gina aka buɗe a 2015, tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita. Musulmin Cham yawancinsu Shafi'awa ne, za ku ga ɗan bambanci kaɗan da abin da aka saba. Abin da zai rikita ku shi ne alƙibla. Mu da muka saba cewa "ya fuskanci gabas", a nan yamma ake kallo, a ɗan karkata arewa. Na shimfiɗa darduma a otal daren farko na juya wa Ka'aba baya, sai da babban ɗana ya duba waya ya ce, "Baba, ka juya."

Abinci yana son lura, domin naman alade yana cikin girkinsu sosai, har a romon da ake zuba wa taliya. Kalmar da za a saurara ita ce "sach chruk", naman alade ke nan. "Trei" kifi, "sach moan" kaza, "sach ko" naman sa. Mafi sauƙi a ci a kusa da masallaci, ko a gidajen abincin 'yan Malesiya da Indiya da Pakistan masu alamar halal, akwai su a kewayen babbar kasuwar Phsar Thmei da bakin kogi. A gwada amok, kifi ne da ake turarawa da madarar kwakwa a cikin ganyen ayaba, ba yaji sosai, yara suna ci. Prahok kuwa, ruɓaɓɓen kifin da suke sa wa miya, aikin daddawa yake yi, warinsa ma ba ya jin kunyar kowa. Ruwan famfo a bar shi. Ruwan kwakwa da ake fasawa a gabanka shi ya fi komai dawo da yaro hayyacinsa.

Bayan nan a koma otal a kwanta. Gidan tarihi na ƙasa, jan ginin da ke arewa da fada wanda aka buɗe a 1920, a bar shi sai gobe. Kurkukun Tuol Sleng da filin Choeung Ek kuma, inda Khmer Rouge suka tsare mutane suka kashe su, ba wuraren ƙananan yara ba ne, in manya suna son zuwa su yi karɓa-karɓa, ɗaya ya tsaya da yara.

Mataki na tara: a dawo da la'asar sakaliya

Wannan kyauta ne, ba tikiti. Wajen biyar, filin ciyawar da ke tsakanin fada da kogi yana cika da iyalan birnin, sun shimfiɗa tabarmi, masu balan-balan da masu gasa masara suna zagayawa. Ana sayar da tsabar masara a leda don tantabaru, waɗanda suke da yawa har in suka tashi sai sun rufe rumfar hasken wata. A saya wa kowane yaro ledarsa, in ba haka ba rigima ce. A tsallaka titin Sisowath a rukuni, hannu cikin hannu, ana tafiya a hankali ba gudu ba tsayawa, babura da kansu suke kaucewa.

Daga bakin ruwan a nuna musu kogin Tonle Sap. Da damina Mekong yakan cika har ya tura ruwan wannan kogin baya, ya koma yana gudu zuwa arewa cikin babban tafki, sai damina ta wuce ya juyo. A jefa ganye a ga ina ya nufa, daga nan za a san wane lokaci ake ciki. Magariba tana yi tsakanin biyar da rabi da shida da rabi gwargwadon wata, duhu kuma yana saurin sauka, don haka a kira abin hawa da zarar an kunna fitilun da ke jikin rumfar.